Kan Burtu da Bokitin Shara

In ruwa ya kwana yana zuba a Abidjan, gari ya waye rana ta buɗe, akwai wani wari da ke tasowa daga lagin, wannan makeken ruwan da ya ratsa tsakiyar gari. In ka taɓa haye gada zuwa Treichville a irin wannan safiya, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Ruɓaɓɓen kifi ne da ruwan kwata da baƙin mai suka haɗu suka kwana tare, a ƙarƙashinsu kuma akwai wani ɗan zaƙi-zaƙi, shi ne ma ya fi tayar da zuciya. Mutanen cikin mota sukan ja gilashi, mata su toshe hanci da bakin mayafi, da an sauka daga gada kowa ya manta. Ni ba na mantawa, don har a harshena nake jin sa. Na taɓa tauna wannan warin ina yaro, kuma da yardata na sa shi a baki.

A Adjamé aka haife ni, a gidan haya irin wanda muke kira kur: ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, bayi ɗaya da ake bi a layi. Baba ɗan kasuwa ne, leda yake sayarwa a sari, baƙa da fara, dami-dami. Duk mai tallan aloko, wato soyayyar agada, ko aceke, dambun rogo, a unguwarmu, in ka bi diddigin ledar da take ƙulla wa mutane, daga shagonmu ta fito. Da ledar aka ciyar da mu, da ita aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, inda na iya Faransanci har ya fi Hausata ƙwari. Daji kuwa ban san shi ba sai a bakin mutane. Tsuntsayen da na sani su ne hankaki da tantabarun tasha da jemagun da ke rufe sama da magariba, su ma daga baya aka ce mini ba tsuntsaye ba ne.

Sai ga Kaka, mahaifin Baba, ya zo daga Nijar. Matarsa ta rasu, ƙafa ta fara ba shi wahala, Baba ya yi ta aike har ya yarda ya zo likita ya duba shi. Mun tarye shi a babbar tashar Adjamé, cikin hayaniyar 'yan dako da masu kiran fasinja. Dogon tsoho ne, baƙi, busasshe, ya sauko daga mota da jakar fata ɗaya a kafaɗa, ya hana kowa taɓa ta. Ya tsaya ya shaƙi iska, ya kawar da kai ya tofar da yawu, ya ce, "Nan kuke kwana ku tashi?" Ita ce gaisuwar da ya yi wa Abidjan, kuma har ya bar garin bai canza ta ba.

Komai na garin ƙyama yake ba shi. Ba ya cin kajin ƙanƙara da Inna ke sayowa, wai gawa ce da aka ƙi binnewa. Kwatar da ta bi ta ƙofar gidanmu, wadda mu muke tsallakewa ba ma ko kallo, shi sai ya tsaya ya tattare riga ya yi a'uziyya kafin ya ɗaga ƙafa. Ni ma bai bar ni ba. Ɗan kurmi yake kirana, don mutanenmu na arewa kurmi suke ce wa ƙasashen bakin teku. Ni kuma in rama in ce masa tsohon ƙauye, tunda jika da kaka abokan wasa ne, babu mai tsawata mini.

Wata rana da la'asar ruwa ya tsare mu a ɗaki mu biyu, ya jawo jakar nan ya kwance bakinta. Abin da ya fito sai da ya sa na ja da baya. Kan wani ƙaton tsuntsu ne, da dogon baki baƙi mai lanƙwasa, da wuyan itace da aka rufe da fata, an jera masa jajayen 'ya'yan idon zakara a maƙogwaro, ga igiya ta ɗaurawa a goshi. Ya ce sunansa burtu. A dajinsu akwai tsuntsu mai wannan suna, a ƙasa yake yawo yana kiwo, barewa da zabi da agwagin fadama duk sun saba da shi, ba sa gudunsa. To maharbi sai ya ɗaura wannan kan a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana saran ƙasa kamar mai neman abinci, har ya isa inda kibiyarsa za ta kai.

A ranar na san ashe mu maharba ne. Kakan Kaka ya ɗaura wannan burtun, ubansa ya ɗaura, shi ya ɗaura. Baba ne ya ƙi daji ya hau mota ya yi kudu, ƙanensa Baffa ya biyo sawunsa ya zauna a Treichville, sauran 'ya'yan kuwa mata ne. "An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji Kaka. "Ni tawa barewar mai tallan leda ta haifa." Ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

Sa'an nan ya faɗa mini ƙa'idar gidanmu. Ba a ba da burtu kyauta, ba a kuma raba shi a gado. Sai yaro ya harbo tsuntsunsa na farko da hannunsa, babba ya yanka, a ciro ƙundun a gasa ba gishiri, yaron ya cinye shi a gaban babban. Nan ne ake cewa hannunsa ya buɗe, burtu ya zama nasa. In ba a samu wanda ya ci ba, to ranar da aka kai Kaka makwancinsa, maharban gidanmu sun ƙare. Ya faɗi haka yana kallon bango, bai roƙe ni ba. Ni kuwa yaron da baƙi daga gida ke yi wa dariya in ya buɗe baki da Hausa, sai ga wani abu na can da aka ce zai iya zama nawa. Na ce, "Zan ci." Ya ce, "Mu gani, ɗan kurmi."

Baka da kibau ya baro su a gida saboda jandarmomin hanya, don haka da danƙo muka fara. Ya samo reshen gwaba mai baki biyu, ya yanko roba daga tsohon tiyub, ya ɗaure da zare. Ya murza ƙwallayen laka ya shanya, irin waɗanda a garinsu rana ɗaya ke mai da su dutse. A damunar Abidjan suka yi kwana da kwanaki suna nan luguf, har suka yi fumfuna. Ni na je garejin bayan gidanmu na roƙo ƙananan ƙwallayen ƙarfe na tsohon boris. Ya jujjuya ɗaya a tafin hannu, baƙin mai ya ɓata masa yatsu, ya ce mu ko tsakuwarmu kashin mota ce. Amma da su na koyi harbi, ina kakkaɓo gwangwanayen tumatir daga kan katanga har ya daina gyara mini gwiwar hannu.

Tafiyar burtu ta fi wuya. A tsakar gida yake ɗaura mini shi, in duƙa in bi tsakanin bahunan wanki, gwiwoyina cikin ruwan da aka wanke kifi, shi yana zaune a kan turmi yana cewa in rage sauri, in sari ƙasa, in ɗaga kai in dubi gefe. Matan kur ɗinmu, 'yan ƙabilar Jula da Bawule da namu Hausawa, sukan bar aikinsu su yi ta dariya har da riƙe ciki. Inna ba ta dariya. Takan ce wa Baba, "Malam, ka yi wa tsoho magana, yaron nan ɗan lakwal ne." Baba sai ya ɗauki hularsa ya nufi shago. Ina jin ya riga ya ce wa mahaifinsa a'a sau ɗaya, bakinsa ba zai iya ta biyu ba.

Kaka ba mai yawan magana ba ne, amma abin da ya koya mini yana nan daram. Kada ka haɗa ido da tsuntsu. Ka bari iska ta baro shi ta same ka. Kada ka harbi mai kwanci a kan ƙwai. Babbar dokar kuwa, wadda yake maimaitawa kullum: abin da ba za ka ci ba kada ka kashe, abin da ka kashe kuma dole a ci shi, don rai ba abin wasa ba ne. Ya ce maharbin kirki kafin ya ci nama yakan tsaga ƙundu ya duba, domin ƙundu ba ya ƙarya. In ka ga shinkafar fadama ka san inda za ka kwana gobe, in ka ga gero ka san gonar wa ake ɓarna.

Sai dai me za a harba a Adjamé? Hankaka ba a ci. Tantabarun tasha kuwa ya ce suna da masu su. Makonni suka shuɗe, ƙafarsa ta fara sauƙi, ya fara tambayar kuɗin mota da ranar tashi. Hankalina ya tashi, don na san in ya tafi da jakar nan ba zai dawo ba.

Ana haka matar Baffa ta haihu, muka haye Treichville suna. Gidan Baffa bai da nisa da bakin lagin. Dab da magariba, an watse, muna zaune a kan tabarma a ƙofar gida, sai ga wani siririn fito daga sama, sau uku-uku, kamar yara na kiran juna. Kaka ya miƙe zumbur, ya manta da sandarsa. Wasu agwagin daji ne a jere, masu farar fuska, suka wuce ta kan rufin kwano suka gangara wajen ruwa. "Kirinjijiya," in ji shi. "Wallahi irin na tabkinmu. Mi ya kawo ku nan, bayin Allah?" Tun zuwansa ban taɓa ganin ya kalli wani abu a garin nan ba tare da ya yamutsa fuska ba sai ranar. Ya ce wa Baba ni da shi a nan za mu kwana; dama ba ya rabuwa da jakarsa, ni ma danƙona yana ƙuguna.

Da aka sallame asuba muka gangara. Kai mai karatu, in ba ka taɓa tsayawa a bakin lagin ta bayan gidaje ba, ka gode wa Allah. Daga kan gada ruwa kake gani yana ƙyalli. A ƙasa kuwa, kafin ka kai ga ruwan, sai ka keta wata baƙar laka mai kumfa, wadda aka shimfiɗe da leda da robobin ruwa da silifas ɗai-ɗai da ƙunzugun jarirai. Wata ƙatuwar kwata ta fito daga cikin unguwa tana amayar da abin da gari ya kwana yana zubarwa. Ga mataccen ɓera ya kumbura, ƙudaje sun yi masa rumfa tun rana ba ta fito ba. Can a bakin kwatar, inda ruwan ya fi kauri, ga kirinjijiyoyin nan suna tsoma baki suna kiwo hankali kwance.

Kaka ya daɗe a tsaye. Ya dubi kwatar, ya dubi tsuntsayen. Amma ya riga ya ji fitonsu, ba zai juya ba. Ya jiƙa yatsa ya ɗaga ya ji inda iska take, ya ɗaura mini burtu, ya lulluɓa mini baƙin zane, ya ce, "Bismillah."

Na durƙusa. Lakar ta haɗiye mini hannu har wuyansa, da ɗumi kamar kunu, wani abu mai santsi ya fashe a ƙarƙashin gwiwata, ban duba ba. Warin da ake ja wa gilashi a kan gada, ni hancina yana taɓa tukunyarsa. Na danne amai, na tafi yadda aka koya mini, ina saran ƙasa, ina ɗaga kai. Ban yi nisa ba ɗaya daga cikinsu ta miƙe wuya, ta ga baƙin kan nan yana tahowa, ta yi fito. Gaba ɗaya suka tashi fir, suka yi kewaye suka sauka can gaba. Na sake bi, suka sake tashi. Kaka ya ce garaje nake yi, ya karɓi burtun ya ɗaura da kansa.

Har yau ban ga abin da ya kai wannan kyau da ban takaici ba. Tsohon nan mai ciwon ƙafa ya duƙa cikin ƙazantar Abidjan, nan take ya daina zama mutum. Takunsa, juyin wuyansa, yadda yake tsayawa ya karkata kai, da ban san shi ba da na rantse tsuntsu ne. Amma tun yana nesa suka watse, har suka fi gudunsa a kan yadda suka guje ni. Ya ɗago, laka har gemu, yana kallonsu. Abin da bai zo mana a rai ba shi ne, burtu tsuntsun dajin arewa ne. Agwagin lagin tun da uwarsu ta ƙyanƙyashe su ba su taɓa ganin sa ba. Abin da ke kwantar wa na tabkinmu hankali, su a wurinsu dodo ne.

Muna nan tsaye sai ga wata mata ta gangaro daga bayan wata rumfar abinci, da ƙaton bokiti a ka. Tafiya take gaɓa-gaɓa, tana waƙa, ba ruwanta da iska ko inda take busawa. Ta isa bakin kwatar ta juye: ruwan wanke-wanke, ragowar shinkafa da ta yi tsami, hanjin kifi, ledoji. Kafin ta juya, tsuntsayen nan da suka guji gwanin maharba sun dawo suna iyo wajenta, har suna ture juna. Da ta waiwayo ta ga Kaka da kan burtu a goshi, ta saki bokitin ta yi ihu, "Eh, Papa! C'est quoi ça même?" Tambaya take wannan kuma mene ne, na yi mata bayani da Faransanci. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce waɗannan ai ita ke ba su karin kumallo kullum, amma mu sani ba mai cin su, ko mahaukaci. Na fassara wa Kaka duka. Ya ce, "Masu cin kazar ƙanƙara za su gaya mini abin da ake ci?"

Ni dai na ga hanya. Na roƙi matar, ta cika mini bokitin da sauran sharar rumfarta, ta ɗora mini a ka. Ruwan yana tsiyaya ta tsagar gindinsa yana bi mini ƙeya. Na kalli Kaka ina jiran izini. Sai ya kwance burtun daga goshinsa ya juya mini baya. Na tafi a miƙe kamar kowane mai zubar da shara, na juye, na tsaya. Suka zo. Wata ta matso har ina ganin jan ƙirjinta da farin kumatunta. Na zaro danƙo daga ƙugu, na ja, na saki. Ƙwallon ƙarfen ya same ta a gindin wuya, ta kife tana bugun laka da fiffike ɗaya. Kaka ya zo a guje da wuƙa, ya fuskantar da ita gabas, ya ambaci sunan Allah ya yanka. A al'ada nan ake yi wa sabon maharbi kirari. Shi dai cewa ya yi, can ƙasa-ƙasa, "Allah shi yi albarka."

Matar Baffa ta hana mu shiga madafinta, kuma ban ga laifinta ba, mai jego ce. A bayan gida muka hura gawayi. Tun muna figa na san akwai magana, domin warin kwatar ba a gashin ya tsaya ba, yana cikin fatar, yana cikin kitsen, wanda ya fito ruwan toka maimakon rawaya. Kaka ya farka cikin, ya ciro ƙundun, ya ɗora a kan wani fallen kwano, ya ce in matso in ga darasina. Ya tsaga.

Babu shinkafar fadama, babu irin ciyawa. Wani baƙin curi ne mai yauƙi ya fito. Ya baje shi da bakin wuƙa: ga ruɓaɓɓiyar shinkafar rumfa, ga guntun murfin kwalba, ga wani zaren gashin kanti ya nannaɗe komai, sauran kuwa duk ƙananan yage-yagen baƙar leda ne, ƙundun ya niƙa su ya gaji ya bar su. Na san ledar. Siririyar nan ce mai arha da ake ƙulla aloko, wadda nake taya Baba jera damanta ran Asabar. Kaka ma ya gane ta. Ya ɗago guntu ɗaya a bakin wuƙa ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ƙundu ba ya ƙarya."

Duk da haka ya ɓare fatar cikin, ya wanke ƙundun ya sake wankewa, ya tsire shi ya gasa. Hayaƙin ya sa Baffa ya fito yana toshe hanci. Da ya gasu Kaka ya miƙo mini. Na tuna ni na ce zan ci. Na sa a baki gaba ɗaya.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba. Da haƙorina ya shiga, wani ruwa mai ɗaci da zaƙi-zaƙi ya fito, ɗanɗanon daidai da warin nan, kamar na ɗebi kwatar da cokali. Yawu ya cika mini baki, hawaye suka zubo. Ƙundu kuwa ba ya taunuwa da wuri. Na runtse ido na ci gaba da tauna, ina cewa a raina saura kaɗan, in na haɗiye shi ke nan, burtu nawa ne, gidanmu bai ƙare ba. Na tattara shi a bayan harshe zan tura.

Sai na ji tafin hannu a ƙarƙashin haɓata, mai kaushi, yana warin laka.

"Tofar."

Na buɗe ido na girgiza kai.

"Na ce ka tofar, ɗan kurmi."

Na tofar a hannunsa. Ya dubi abin, ya jefa cikin wuta, ya ba ni buta in kurkure baki. Shi ya fi kowa sanin abin da ya jefa. Shekara da shekaru yana jiran yaron gidansa da zai tauna ƙundu a gabansa, ga shi ya samu, saura haɗiya kawai, ya sa hannu ya tare da kansa.

Sa'an nan ya ɗora sauran tsuntsun a wuta. Baffa ya ce, "Haba Baba, don Allah a jefar da abin nan, in sayo maka zabo mai rai yanzu-yanzu ka yanka da hannunka." Kaka ya ce, "An zubar da jini da sunan Allah. In ba a ci ba, kisan banza na sa yaro ya yi." Ya juya ya fuskanci katanga, ya ci shi kaɗai, a hankali, yana tsayawa yana numfashi, har ya bar ƙashi. Mutumin da ko ƙamshin kazar Inna ba ya so. Ina tsaye a bayansa ina jin ƙarar taunarsa, kuma ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar yadda na ji ta garin da aka haife ni a wannan safiya ba.

Ya kwanta ciwon ciki kusan mako, Inna na dafa masa kunu tana mita. Da ya miƙe ya ce a saya masa tikiti. A tasha, ana ɗora kaya, na kama igiyar jakar fatar na ce ko ba zai bar mini ba, tunda dai na harbo. Ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ba da faɗa ba. Ya ce, "Kai ba ka kasa ba, na ga ka tauna. Dajin ne babu." Bai ƙara shekara biyu ba ya rasu. Da Baba ya je gaisuwa na ce ya tambayo mini burtun, ya dawo ya ce sun same shi a rataye a ɗaki, gara ta cinye wuyan, sai bakin kawai.

Yanzu ni ke zaune a shagon Baba. Dami-dami nake sayarwa, baƙa da fara, har na fi shi ciniki, don garin ya ƙaru kuma kowa ledarsa yake so. Bakin lagin inda muka durƙusa an cike wani sashe an yi gini, rumfar matar nan babu alamarta. Na daɗe ban ji fiton kirinjijiya da magariba ba, ban sani ba ko sun gaji sun tafi, ko dai sun ƙare a nan. Warin ne kawai bai je ko'ina ba. Tsiren ƙundu da ake gasawa a kowace kusurwa a garin nan, abokaina na rububinsa, ni ko kallonsa ba na iya yi.

Kwanan baya ƙaramin ɗana ya biyo ni shago. Bai san burtu ba, Hausarsa ma ba ta kai tawa ta lokacin ba. Ina sallamar wani mai saye na waiwayo na gan shi zaune a kan dami, ya yagi bakin wata baƙar leda yana taunawa, irin yadda yara ke yi don zaman banza. Ban san lokacin da na tsallake kantar shagon ba. Sai ganin tafin hannuna na yi a ƙarƙashin haɓarsa, na ji muryar da ba tawa ba ta fito daga bakina.

"Tofar."

Ya tofar, yana kallona da mamaki. Na tsaya riƙe da jiƙaƙƙen guntun ledar a hannu. Duk abin da maharban gidanmu suka miƙa wa juna tun daga kakan Kaka, iyakar abin da ya iso wurina ke nan.